Lambu a Cikin Bututu: Noman da Ba Ya Buƙatar Ƙasa Ya Shigo Birni

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin laka. Na shiga lambu da fararen kaya, na fito babu ko ɗigon taɓo a bakin wandona.

Lambun ma ba a bakin rafi yake ba. A cikin wani gida ne a birnin Kano, a ɗan lungun da ke tsakanin ɗakin girki da katanga, irin wurin da a yawancin gidaje ake jibge karyayyun kujeru da buhunan gawayi. Girmansa bai wuce wurin ajiye mota ɗaya ba. An kafa ƙarafa, an jera fararen bututun roba hawa huɗu, irin dai waɗanda masu aikin famfo ke amfani da su. An huda kowane bututu rami-rami, tazarar kamar taƙi guda, an zaunar da ɗan kofin roba a kowane rami. A cikin kowane kofi latas ne ya baza ganye, kore shar.

Matashin da ke da wurin ya ciro kofi ɗaya ya miƙo mini. Saiwa ce fara tas ta zubo ta ƙasan kofin kamar gemun dattijo, tana ɗigar ruwa. Babu ƙasa ko cikin cokali. Can ƙasa, a cikin wani shuɗin duro, ɗan inji wanda bai fi dunƙulen hannu ba yana tura ruwa sama. Ruwan ya bi bututun, ya shafi saiwoyin, ya gangaro ya koma duron. Ruwan nan ɗaya shi ke ta kai da komo tun asuba.

Wannan shi ne noman da ake kira haidrofonik, wato noma ba tare da ƙasa ba. 'Yan shekarun nan ya shiga bakin matasa. Da ka buɗe Facebook ko TikTok sai ka ci karo da hotunan ganye reras, da tallar horaswa ta kwana uku, da alƙawarin cewa duk mai ɗan fili a gidansa ya kusa yin sallama da talauci. Na ɗauki watanni ina bibiyar lamarin, na kuma gwada da hannuna. Noman dai gaskiya ne, ba rufa-ido ba. Sai dai tsakanin hoton da ake gani a waya da abin da ke shiga aljihu akwai tafiya mai nisa.

Shekarar da miya ta gagari maigida

Duk mai cefane bai manta da tsakiyar shekarar 2024 ba. Kwandon tumatir ya haura naira dubu ɗari a kasuwar Mile 12 ta Legas. A nan Arewa ma, inda ake noma shi, kashin da a da ake ɗauka ba ciniki ya koma sai an tsaya an yi shawara. Gidaje da yawa suka koma wa kauɗa da tumatirin leda, wasu kuma suka riƙe kuka da busasshiyar kuɓewa har aka fita damina. A lokacin hauhawar farashin abinci ta kai wajen kashi 40 cikin 100 a alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa.

Ba wannan ne karo na farko ba. A 2016 tsutsar nan tuta absoluta, wadda manoman Kano suka raɗa wa suna Sharon, ta faɗa wa gonakin tumatir ta yi musu ƙarƙaf, har gwamnatin jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa, wanda aka buɗe a shekarar, dole ya dakata saboda babu abin markaɗawa.

Ko babu annoba, tumatirinmu yana da ciwon da yake tashi duk shekara. Da rani, ruwan madatsar Tiga ya shiga Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, daga Janairu zuwa Maris kwanduna su cika kasuwar Kwanar Gafan har manomi ya rasa mai taya masa. Da zafi ya kankama, damina ta biyo baya, sai tumatir ya yi ɓatan dabo. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na abin da aka tsinka yana lalacewa kafin ya kai tukunya: an danna shi a kwando, an ɗora kwando kan kwando, an yi kwanaki a hanya cikin rana. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, kuɗin mota ya ƙara hawa kan kowane kwando.

Akwai kuma maganar da ba mu cika son yi ba, ta tsabta. Wani kaso na latas da alayyafo da lansir da ake ci a Kano ana noma shi ne a gefen rafukan Jakara da Getsi, da ruwan da ya kwaso dattin gidaje da na masana'antun Bompai. Binciken da masana suka sha yi, har da na Jami'ar Bayero, ya nuna akwai gurɓatattun ƙarafa a wannan ruwa da ƙasar da ya jiƙa. Ba laifin 'yan lambun ba ne. Ruwan da suka samu ke nan, kuma filayen da iyayensu suka yi ban ruwa da jigo yau an yanka su fuloti-fuloti. Birnin da ya haura mutum miliyan huɗu yana ta cinye lambunan da ke ciyar da shi.

Saboda haka idan aka ce wa ɗan birni ga hanyar samun ganye mai tsabta a tsakar gidansa, ba damina ba rani, dole ya tsaya ya saurara.

Tsohon ilimi ne

Masu talla kan gabatar da shi kamar jiya aka ƙirƙiro shi. Ba haka ba ne. Tun wajejen 1860 wasu masana tsirrai biyu na ƙasar Jamus, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka nuna cewa shuka za ta iya girma a cikin ruwa zalla muddin an narka mata ma'adinan da take buƙata. Ashe ba ƙasar kanta shuka ke ci ba. Ƙasa rumbu ce da ke ajiye mata abinci da ruwa, kuma turke ce da ke riƙe ta kada ta faɗi. In an sama mata waɗannan ta wata hanya, ta yafe ƙasa.

Wanda ya fito da abin daga ɗakin bincike zuwa idon jama'a shi ne William Gericke na Jami'ar Kalifoniya a Amurka. Ya shuka tumatir a gidansa ya yi tsawon da ya haura mita bakwai, sai da tsani ake tsinka, kuma a 1937 ya yayata sunan haidrofonik, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ruwa da aiki. Ba da jimawa ba kamfanin jiragen sama na Pan American ya soma noma kayan lambu ta wannan hanya a tsibirin Wake da ke tsakiyar tekun Fasifik, inda babu ƙasar noma, don ciyar da fasinjojinsa. Sojojin Amurka ma sun yi haka a tsibirin Ascension lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A yau ƙasar Holan ce abin misali. Ba ta kai jihar Kaduna girma ba, amma tana sahun gaba a duniya wajen fitar da amfanin gona. A gidajen gilashinta ana samun wajen kilo 50 na tumatir a kowace murabba'in mita a shekara, wato kimanin tan 500 a hekta. Yawancin gonakinmu ba sa kai tan 10.

Sirrin yana cikin ruwan

Mai kallo daga nesa bututu yake gani, amma zuciyar wannan noma ruwan ne. Shuka tana buƙatar ma'adinai sama da goma. Akwai waɗanda take ci da yawa, irin su naitrojin da fosfaras da fotashiyam da kalsiyam da magnisiyam da farar wuta. Akwai kuma waɗanda ɗan mitsitsi take buƙata amma in babu su ta tsumbure, kamar ƙarfe da zink da boron. A gona, ƙasa tana rufa wa manomi asiri. In ya manta da wani abu, sau da yawa tana da shi a ajiye. A cikin bututu babu mai rufa maka asiri. Abin da ka zuba shi kaɗai ne shuka za ta ci.

A nan na yi kuskurena na farko. Na samo bokitin fenti na wanke, na cika shi da ruwa, na jiƙa takin zamani mai ƙwaya irin wanda ake zuba wa masara, na dasa latas. Washegari na ga wani farin taɓo ya kwanta a gindin bokitin, ban damu ba. Bayan mako biyu sababbin ganye suka fito rawaya, bakinsu a ƙone, tsirrai suka tsaya cak. Abin ya dame ni ƙwarai, don kullum da safe su nake fara dubawa. Daga baya na gane dalili. Takin buhu don ƙasa aka yi shi. Ba ya narkewa duka, kuma ba ya ɗauke da isasshen kalsiyam da ƙarfe da sauran ƙananan ma'adinai. Yuriya kuwa sai ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa sun juya ta kafin saiwa ta more ta sosai.

Takin wannan noma na musamman ne, mai narkewa tas, kuma akan raba shi gida biyu, a jarka biyu. Dalili shi ne, in aka haɗa mai kalsiyam da mai fosfaras ko farar wuta alhali suna da kauri, sai su dunƙule su zama wani abu kamar alli, su kwanta, shuka ta rasa duka biyun. Sai a cikin babban duro, bayan an tsinka su da ruwa mai yawa, suke haɗuwa lafiya.

Sannan akwai 'yan na'urori biyu masu kama da biro waɗanda mai wannan sana'a ba ya rabuwa da su. Ɗaya tana auna tsamin ruwa, abin da ake kira pH, wanda ake so ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5. In ya wuce haka, abinci yana cikin ruwan amma saiwa ba za ta iya ɗauka ba. Ɗayar kuma tana auna ƙarfin takin. Latas yana son tsinkakke, tumatir yana son mai ƙarfi. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai gartsi yana iya ɓata lissafin tun kafin a zuba taki, don haka shi ake fara aunawa.

Hanyoyin yin noman suna da yawa, amma uku ne suka fi dacewa a sani. Akwai ta bututu da na gani a lungun nan, wadda wani masani ɗan Ingila, Allen Cooper, ya inganta tun shekarun 1960. Ita ce ta fi kyau a hoto, ita ce kuma ta fi saurin fushi. Akwai ta buhu ko bokiti, inda ake cika su da ɓuntun shinkafa da aka babbaka, ko ɓawon kwakwa da aka niƙa, ana ɗiga musu ruwan taki sau da yawa a yini. Ita ce ta tumatir da tattasai da kokwamba, kuma ɓuntu abu ne da ke tsibi-tsibi a bakin injinan casar shinkafa na Kura da wasu garuruwa.

Ta uku ita ce ta fi kwanta mini. Bernard Kratky na Jami'ar Hawai ne ya yi mata fice. Babu inji, babu wuta. A cika mazubi da ruwan taki, a rufe shi da murfi mai rami, a zaunar da dashe yadda saiwarsa za ta taɓa ruwan. Yayin da shuka ke sha, ruwa yana ja da baya, saiwa tana bin sa, sai a samu sarari tsakanin murfi da ruwa inda saiwoyin sama ke shaƙar iska. Lita huɗu zuwa shida kan raini kan latas ɗaya har a cire shi cikin mako biyar ko shida. Abin kiyayewa shi ne kada a cika ruwan har baki bayan ya ja, domin saiwoyin da suka saba da iska za su nutse su mutu. A kuma rufe mazubin daga haske, in ba haka ba gansakuka ta mamaye shi, sauro ma ya samu gida.

Bazara ce alƙali

Yawancin darussan da ke yawo a intanet an shirya su ne a ƙasashen da matsalarsu sanyi ne. Mu tamu matsalar zafi ne, kuma a nan ne masu farawa da yawa ke karaya.

Saiwa tana numfashi, kuma iskar da take shaƙa a narke take cikin ruwa. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe iska. An fi so ya tsaya tsakanin digiri 18 da 24. Da ya doshi 30 sai iska ta ragu, cutar ruɓewar saiwa ta samu ƙofa. Farar saiwar nan ta koma ruwan ƙasa, ta yi yauƙi, ta soma wari. To a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin Afrilu ke kai digiri 40, baƙin tankin da aka bari a rana kafin azahar ya zama ruwan wanka. Shi kansa latas ɗan hunturu ne. In ya sha zafi sai ya miƙe ya yi tozo ya yi ɗaci. Tumatir kuma furensa ne ke kaɗewa. Rumfar leda da aka rufe ruf, irin wadda ake kwaikwayo daga Turai, a bazararmu tanda ce.

Masu dabara sun koma ga abin da muka gada. Suna binne duro a ƙasa ko su naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, hikimar randa ke nan. Suna ɗaga rumfa ta yi tsayi, su sa ragar inuwa ko zana a sama, su bar gefe da raga iska tana ratsawa. Mafi muhimmanci, suna bin kalanda. Latas daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da zafi ya shigo sai alayyafo da ɗaɗɗoya da sauran ganyen da ke jure rana.

Sai wuta. Ɗan injin da ke cin wat 40, in ya kwana ya wuni yana aiki, yunit ɗaya kacal yake sha, don haka ko da aka kai farashin wutar layin Band A naira 225 a watan Afrilun 2024, ba shi ne zai karya mutum ba. Ɗaukewar wutar ce masifa. A tsarin bututu ruwan siriri ne. In inji ya tsaya da tsakar rana, cikin 'yan sa'o'i aikin wata guda ya yi yaushi. Duk wanda zai kafa bututu ba tare da sola da batir ba, caca yake yi da jarinsa.

Wani abin da masu talla ba sa faɗa: rashin ƙasa ba ya hana Sharon. Ƙaramin malam-buɗe-littafin da ke haifar da ita a kan ganye yake ƙwai, ba ruwansa da inda saiwa take. Haka farin ƙuda da darɓa. Raga mai ƙananan idanu da ƙofa mai rufuwa su ne kariya. Cututtukan da ke kwana cikin ƙasa, irin masu sa tumatir ya yanke jiki ya bushe da damina, su ne wannan noma ke kauce wa.

Waɗanda suka zuba biliyoyi

A 2015 wasu masu bincike a jihar Arizona ta Amurka suka kwatanta latas ɗin gona da na haidrofonik. Sun samu cewa na haidrofonik ya ninka na gona amfani wajen sau 11 a fili iri ɗaya, ruwan da ya sha kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, kimanin lita 20 a kan kowane kilo maimakon 250. Waɗannan alƙaluma biyu su ne ake ta yaɗawa. Na ukun ne ake ɓoyewa: makamashin da ya ci ya ninka na gona sau 80 da ɗoriya, galibi wajen sanyaya ɗaki da ɗumama shi.

Wannan lissafi ne ya kayar da manyan kamfanoni. AeroFarms, wanda ya kafa katafariyar gonar cikin gini a Newark ta Amurka, ya nemi kariyar kotu saboda bashi a watan Yunin 2023. AppHarvest na jihar Kentucky ya bi sahu bayan wata guda. Infarm na Balin ya durƙushe a shekarar, Bowery kuma ya rufe a ƙarshen 2024. Waɗannan kamfanoni ne da masu zuba jari suka antaya wa ɗaruruwan miliyoyin daloli. Da yawansu sun rufe shuka a cikin gini suna sayen hasken fitila don ya maye gurbin rana, alhali abin da suke sayarwa ganye ne, kuma ganye ba ya iya biyan irin wannan kuɗin wuta.

A ganina darasin da ke nan a gare mu mai ƙarfafa gwiwa ne. Abin da ya fi ci musu kuɗi, wato haske, mu kyauta muke samun sa har ya yi mana yawa. Kuskure ne babba mai ƙaramin jari a Kano ya kwaikwayi tsarin da ya gagari masu daloli.

A Najeriya ma an yi nisa. Angel Adelaja ta kafa Fresh Direct a Abuja, inda ta mai da tsofaffin kwantenoni gonakin ganye. Samson Ogbole ya horas da dubban matasa a Soilless Farm Lab da ke jihar Ogun. Cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan kuwa ta yi amfani da dabarun noma ba ƙasa wajen ninka irin doya da na rogo marasa cuta. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Ba lallai ne riba ta kasance a kan abin da za a ci ba. Rainon dashe mai lafiya, na tumatir da tattasai da kabeji, a cikin faranti mai ramuka, a sayar wa manoman rani, sana'a ce da ke haɗa ɗan birni da ɗan fadama maimakon ta raba su.

Ciyawa cikin kwana bakwai

Akwai reshen wannan noma da ya shafi duk mai tunkiya a turke. A sansanonin 'yan gudun hijirar Yammacin Sahara da ke Tinduf a kudu maso yammacin Aljeriya, inda awaki kan ci leda da kwali don yunwa, wani injiniyan noma daga cikin 'yan gudun hijirar, Taleb Brahim, ya sauƙaƙa hanyar tsirar da sha'ir a faranti da kayan da ake samu a wurin. Hukumar Abinci ta Duniya ta rungumi dabarar a shirinta na H2Grow, ta kai ta wasu ƙasashe, har da gabashin Chadi inda 'yan gudun hijirar Sudan ke zaune.

Aikin ba wuya. A wanke hatsi, a jiƙa shi ya kwana, a baza a faranti mai huji, a riƙa yayyafa ruwa. Cikin kwana bakwai ko takwas ya zama shimfiɗar koriyar ciyawa, a naɗe ta kamar tabarma a ba dabba da saiwar da komai. Kilo ɗaya na hatsi kan ba da kilo biyar zuwa bakwai. Da masara ko dawa ma ana yi.

Sai dai masana kiwo suna jan kunne. Yawancin nauyin nan ruwa ne. In aka busar da ciyawar, ba ta kai hatsin da aka jiƙa nauyi ba. Amfaninta shi ne ɗanyen abinci a watannin da babu kore ko'ina, amma ba ta maye gurbin harawa da dusa. In kuma fumfuna ta kama farantin, zubarwa ake yi, domin tana iya cutar da dabba. A shekarar da mutane ke neman masarar tuwo, sai mai kiwo ya yi lissafi da kyau kafin ya jiƙa ta.

Abin da ɗan lambu ke gani

'Yan lambun da suka gaji sana'ar ba sa ruɗuwa da fararen bututu, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Su ƙasa kyauta take ba su abin da wani ke saye a jarka. Iri da taki da na'urorin awo yawanci daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin dala, ita kuwa dala daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Da hunturu, lokacin da latas ya cika kasuwar Yankaba har ana ba da gyara, babu yadda na bututu zai yi gogayya da na fadama a farashi. Gero da dawa da masara da shinkafa, waɗanda su ne ainihin abin da ke riƙe ciki, ba a ma kawo su cikin wannan zance.

Masu saye su ma suna da nasu shakku. Wasu na cewa kayan sinadari ne, ba shi da ɗanɗano. Gaskiyar magana, ma'adinan da saiwa ke zuƙa daga ruwan su ne dai take zuƙa daga ƙasa ko daga takin gargajiya bayan ya ruɓe. Ɗanɗano ya fi danganta da irin da aka shuka da kuma barin abu ya nuna a jikin uwarsa. Amma kada a ɗauka duk abin da ya fito daga bututu tsarkakakke ne. In ruwan da aka zuba gurɓatacce ne, an koma gidan jiya. Wanke ganye kafin a ci yana nan daram.

To wa zai amfana? A iya abin da na gani, mutum biyu ne. Na farko shi ne mai sayarwa ga waɗanda ke biyan tsabta da tabbas: otal-otal, manyan kantuna, gidajen abinci, masu haɗa salak na biki. Irin wannan mai saye ba arha yake nema ba, so yake a kawo masa kaya iri ɗaya kowane mako, har da watan Yuli. Na biyu ita ce uwargida. Bokiti goma a gefen tsakar gida, ba inji ba wuta, za su ba ta alayyafo da latas da na'a-na'a na gida, in ya yi saura yara su kai maƙwabta. Ba sai ta fita ba, ba sai ta mallaki gona ba, ba duƙawa, ba cire ciyawa. Ga dattijon da gwiwa ta hana shi riƙe fartanya, da mai lalurar da ke zaune a keke, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin takaici, horaswar da ake tallatawa ba kasafai take nufin waɗannan ba.

Kafin a sayi bututu

Wanda ya ƙudura farawa, kasuwa zai fara nema kafin iri. Latas ba ya jira. Ranar da ya isa cira, in babu mai saye, kwana biyu ya zama abincin awaki. Sannan ya fara da kaɗan, ya ga hunturu ya ga bazara ya ga damina a kan bokiti ashirin, kafin ya taɓa kuɗin gado ko ya ci bashi.

Masu sha'awar saman bene su tuna ruwa yana da nauyi. Duro mai lita 200 daidai yake da buhun siminti huɗu, tanki mai lita 1,000 kuwa buhu ashirin ne a wuri ɗaya. A tambayi injiniyan gini tukuna, ɗan haya kuma ya nemi yardar mai gida. Tsohon ruwan takin da aka sauya kada a malalar da shi a kwata, a zuba wa zogale ko gwandar gida, za su gode.

Da na koma lungun nan a tsakiyar Maris, babu latas ko ɗaya. Matashin ya kwashe shi tun kafin ya yi ɗaci. An haƙa rami an binne shuɗin duron har wuya, an ɗora zana a saman ƙarafan. Bututu biyu na ƙasa ya dasa musu alayyafo, na sama biyu ya wanke ya bar su a bushe. A gefen katanga ya jera buhuna goma sha biyu cike da babbakakken ɓuntu, ga farantin dashen tumatir a inuwa, kowane tsiro da ganye huɗu. Lissafinsa shi ne su fara nuna a watan Yuni, lokacin da Kwanar Gafan ta yi shiru. A jikin ƙusa kuwa ya rataye wani littafi mai yagaggen bango, inda yake rubuta awon ruwa safe da yamma. Na duba shafin ranar. Da ƙarfe bakwai na safe zafin ruwan digiri 24 ne. Layin yamma bai cika ba tukuna.